Jar Dara da Hular Jamus: Kallon Camp de Thiaroye Daga Maine

A ɗakin kakata a Maine-Soroa akwai wani akwatin ƙarfe da ba a buɗe shi sai da dalili. Can ƙasa, ƙarƙashin farin yadin da ta tanada don likkafaninta, akwai jar dara da asu ya cinye bakinta, da dogon jan ƙyalle na ɗamara, da maɓallai uku na tagulla, da wata takarda da ta yi laushi kamar tsumma. Kayan mahaifinta ne, wanda ya yi sojan Faransa lokacin yaƙin Hitila. A kan kowane maɓalli akwai hoton anka, ƙarfen nan da ake jefawa cikin teku don jirgi ya tsaya, domin ita ce alamar rundunar mulkin mallaka ta Faransa. Tun ina yaro abin yake ba ni dariya. Mutumin Manga, wanda babban ruwan da ya sani shi ne Kumadugu, ita ma rabin shekara rairayi ce, an liƙa masa anka a ƙirji.

Da na shiga jami'a na fara karatun kimiyyar harshe sai kunnena ya lalace, ba na iya barin kalma ta wuce lafiya. A hutun bara na ce da ita, "Iya, kullum kina cewa Baba Tsoho ya tafi soja. Shi ya tafi, ko tafiya aka yi da shi?" Ta harare ni ta ce, "Kai mijin banza, boko ya koya maka tambayar rainin hankali. Kumandan ya aiko a ba da samari, aka ƙirga gidaje, ƙirga ta faɗo kanmu. Wa ke barin gero a tsaye ya tafi soja?" To amma takardar da ke cikin akwatin ta rubuta da Faransanci engagé volontaire, wato ɗan sa-kai.

Da wannan akwati a raina na sake kallon Camp de Thiaroye a ɗakin wani aboki a Yamai, mu tara a kan katifa biyu, kwamfuta a kan bokiti kife. Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka shirya shi, ya fito a 1988 da haɗin gwiwar Senegal da Aljeriya da Tunisiya, ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Venice, amma ya yi kusan shekara goma gidajen silima na Faransa ba su nuna shi ba. Labarin ya faru. A watan Nuwamba na 1944 jirgin ruwa mai suna Circassia ya sauke sojojin Afirka kusan 1,300 a Dakar, aka kai su sansanin Thiaroye su jira sallama. Suka ce ba za su hau jirgin ƙasa zuwa gida ba sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Ranar 1 ga Disamba aka buɗe musu wuta. Rahotannin sojan Faransa sun ce mutum 35, wani rahoton ya ce 70, masana tarihi irin su Armelle Mabon kuma suna maganar ɗaruruwa. Ko da yake sunan rundunar tirailleurs sénégalais ne, an ɗebo mutanenta daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka a wannan yanki, har da namu. Shi kansa Sembène ya sa wannan kaki, an ɗauke shi a 1944, kuma nan Nijar aka turo shi yana tuƙin motar soja.

Mutane da yawa sun yi magana a kan kisan. Ni abin da ya riƙe ni tufafi ne, don a ganina Sembène ya ba da rabin labarinsa ta hanyar abin da ke jikin mutane da abin da aka tuɓe musu.

Sojojin sun sauko daga jirgi sanye da kakin Amurka, dogon wando, takalmi mai kyau, ƴar hula a karkace. Ka gan su ka ga sojan duniya. Saje Diatta, mai ilimin cikinsu, ya shiga gari cikin wannan kaki, ya faɗa wani gidan shaƙatawa na Turawa, aka tarbe shi da fara'a don an ɗauka Ba'amurke ne mai dala. Yana buɗe baki ya nemi abin sha da Faransanci aka gane ɗan ƙasa ne, aka kore shi. Ya fito kuma ƴan sandan sojan Amurka suka kama shi suka lakaɗa masa duka har suka karya masa hannu, don su kuma sun ɗauka nasu ne da ya fito ba takarda. Cikin yini guda riga ɗaya ta jawo masa tarba, ta jawo masa kora, ta jawo masa karaya. A darasinmu na farko mushe ya ce alama ba ta da ma'ana ita kaɗai sai cikin tsarin da ake karanta ta. Wallahi wata uku ina haddace wannan jimla ban gane ta ba sai da na ga hannun Diatta a ɗaure.

Sai wurin da na fi so a duk fim ɗin, inda aka jera su aka karɓe kakin Amurka aka miƙa musu na mulkin mallaka, gajeren wando da jar dara. Ba a yi wani dogon jawabi ba. Mutanen da suka ga Turai tana ƙonewa sun koma kamar yaran lakwal, gwiwa a waje. Ɗaya daga cikinmu a ɗakin ya ce, "Kai, an mayar da su gida tun kafin su isa gida." Wannan tuɓewa tana da tushe a tarihi. A kakar 1944, bayan sojojin Afirka sun sauka a Provence cikin Agusta sun nausa arewa, hukumar de Gaulle ta janye dubbansu daga fagen daga, aka ba matasan Faransa kayansu da makamansu waɗanda Amurka ta samar. Faransawa da kansu suna kiran abin blanchiment, wato farantawa, mayar da runduna fara. Hujjar da aka bayar sanyin hunturu ne.

Bari in ɗan tsaya a kan ita darar. An kafa rundunar a 1857 zamanin gwamna Faidherbe. Launin riga ya yi ta sauyawa, daga shuɗi mai duhu ya koma kaki, amma jar dara da jan ɗamara suka zauna. A fagen yaƙi jan abu a kai kiran harsashi ne, shi ya sa akan rufe ta da ƙyallen kaki ko a sa hular kwano, sai ranar fareti da ranar hoto take fitowa. Ke nan aikinta na ido ne. A 1915 kamfanin Banania ya ɗora baƙin soja mai jar dara yana washe baki a kan gwangwanin garin koko, har ya zama fuskar da yaron Faransa ya fara sani ta Afirka. A ƙetaren Kumadugu ma haka ne. Rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya koma ga Hausawan Glover na Legas a 1863, kayan faretinta jar dara ne da jar ƴar shara da jan ɗamara da gajeren wandon kaki. Saurayin Maine da saurayin Gaidam, wataƙila ma ƴan wa da ƙane, ɗaya aka kai shi Faransa ɗaya aka kai shi Boma, sarakunan Turai biyu, hula iri ɗaya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne a wajenmu dara hular dattako ce, ta alhazai da masu gari. Baba Tsoho, in ji Iya, da ita yake zuwa Idi har ya rasu. Fim ɗin bai san wannan ba, ko kuma bai damu da shi ba. A wajen Sembène darar wulaƙanci ce zalla, kuma na fahimce shi, amma mutumin da ya sa ta ya dawo ƙauye da ita ya ga ana tashi ana ba shi tabarma, shi ma yana da nasa karatun. Kalmar kaki kanta, tunda ni ɗalibin harshe ne ku yi mini uzuri, daga Farisanci ta taso inda take nufin ƙura ko ƙasa, ta bi ta Indiya ta shiga bakin sojan Ingila, ta iso mana.

Akwai hula ta uku, ita ce ta Pays. Pays ya dawo ba ya magana, hankalinsa ya taɓu, yana yawo da hular kwano ta sojan Jamus a kai. Shi ya fara tsayawa gaban waya mai ƙaya da hasumiyar gadi ya gane cewa sansanin da aka kawo su ƙanen wanda suka baro ne. Da dare, daga kan hasumiya, shi ya hango tankoki suna tahowa, ya sauko yana ta ƙoƙarin faɗa, aka ce haukarsa ce ta motsa. Sijiri Bakaba ya yi wasan da idanu da kafaɗu kawai, kuma ban ga wanda ya kai shi a fim ɗin ba. Dabara ce mai kyau a ce bebe mai hular abokin gaba shi kaɗai ke iya karanta abin da ke gabansu.

Amma fa a nan ne na fara jayayya da Sembène. An ce Pays daga Buchenwald ya fito. Mafi yawan fursunonin yaƙi baƙar fata Jamus ba ta yarda a ajiye su a ƙasarta ba, a cikin Faransa aka tsare su, a sansanonin da ake kira Frontstalag, kuma daga 1943 hafsoshin Faransa ne suka riƙa gadin wasunsu a madadin Jamusawa. Ku duba wannan da kyau. Wanda ya kai ka yaƙi, kuka sha kashi tare, shi ne ya koma mai gadinka yana miƙa rahoto ga wanda ya ci ku. Wannan ya fi Buchenwald ɗaci ga labarin da ake bayarwa, kuma shi ne ya bayyana dalilin da ya sa mutanen suka daina yarda da alkawarin baki. Sembène ya ɗauki sunan da duniya ta riga ta sani don ya girgiza mai kallo, ya bar wanda ya fi kusa da ciwon.

Haka ma kisan. A fim da tsakar dare ne, tankoki suna aman wuta, ba ka ganin fuskar mai harbi. A tarihi da safe ne, rana ta fito, an tara mutane a fili, aka harbe su da bindigogin motoci masu sulke, kuma cikin dakarun da aka kawo suka kewaye sansanin akwai rukunonin tirailleurs, baƙaƙe masu dara irin tasu. Fim ɗin da ya kwashe awa biyu yana koya mana karatun tufafi, da ya zo wurin da tufafi suka fi muni, inda kaki ya fuskanci kaki, sai ya kashe fitila ya kawo ƙarfe mara fuska. Na san tanka ta fi cika ido. Amma mu ƴan Diffa mun san cewa tashin hankalin ya fi yawa idan mai bindigar ya yi kama da ɗan unguwarku.

Yanzu harshe, inda nake da ɗan abin cewa. Sojojin suna magana da juna da abin da ake kira français tirailleur. Aikatau ba ya sauya siffa, yana nan yadda yake a ƙamus, ba jinsi, wakilin suna moi da toi ne a ko'ina, sai y'a da y'en a suna riƙe jimla kamar turaku. Mutane suna ɗauka karyayyen Faransanci ne da sojoji suka ƙaga don sun kasa koyon na ƙwarai. A 1916 rundunar Faransa ta buga ɗan littafi don koya wa hafsoshinta yadda za su yi wannan magana da sojojinsu, an gina shi a kan tunanin cewa a bi tsarin Bambara a rage komai. Ma'ana daga sama ma an koyar da shi. An yanka wa mutum harshe daidai tsawon wandon da aka yanka masa, wanda zai isa ya ji umurni ya ce to, ba zai isa ya karanta takardar albashinsa ba. A wancan gefen ruwa Ingilishi sun bi wata hanya, suka ɗauki Hausa ta zama harshen bariki, har aka samu Barikanci, Hausar da ba ruwanta da bambancin "ya" da "ta". Daga nan kofur da saje da fareti suka shigo bakin mutanen Kano, mu kuma muka gaji kumandan da lajidan da jandarma.

Sembène ya yi wani abu mai wayo da wannan harshe. Sojojin sun fito daga ƙasashe daban-daban, ba mai jin yaren wani, saboda haka idan za su yi shawara a kan abinci ko kuɗi da wannan guntun Faransanci suke yi. Harshen da aka ɗinka don karɓar umurni ya koma harshen ƙin umurni, da shi suka yi lissafin canjin kuɗin da ake so a cuce su a kai, da shi suka tsare janar. Na yaba wannan ƙwarai.

Sai dai a ɗakinmu an yi ta dariya. Duk lokacin da wani soja ya buɗe baki sai a kwashe, ana maimaitawa, har wani ya mayar da y'en a abin tsokana na mako guda. Ni ban iya dariyar ba, don na san ta. Ita ce wadda ake yi mini a Yamai idan harshen Barebari ya leƙo cikin Hausata, ita ce wadda finafinan Kano suke nema idan suka sako Babarbare ko Bayarabe. Kuma laifin ba na abokaina kaɗai ba ne. Duk wata hujja mai nauyi a fim ɗin, duk inda za a tsaya gaban hafsoshi a mayar musu da magana, Diatta aka ba, mai karatun shari'a, mai Faransanci kamar littafi, mai Ingilishi, mai matar Baturiya. Sauran suna da zuciya da barkwanci, shi ke da hankalin da Bature zai saurara. Mai fim ɗin da ya bar rubutun Faransanci ya koma silima don ya yi magana da waɗanda ba su yi boko ba, ya zo ya sake ɗora ɗan boko a kan kujerar mai magana. Diatta yakan yi dogon bayani har ka ji kamar kana amfi ana lacca, fim ɗin ya tsaya cak yana jiransa ya gama. Mu ɗalibai muna son Diatta saboda mu ne shi, ko haka muke fata. Baba Tsoho yana cikin waɗanda ake yi wa dariya.

Na dawo kan takardar akwati. Camp de Thiaroye bai nuna yadda aka shiga kakin ba, ya fara ne daga dawowa. Sai a ƙarshe, bayan an binne gawarwaki, muka ga sabbin samari suna hawa jirgi a tashar Dakar za a kai su Faransa. Wanda ke son farkon labarin sai ya nemi Emitaï, fim ɗin Sembène na 1971, inda ake kama samarin ƙauye a Casamance da ƙarfi, ana shanya uba a rana har ɗansa ya fito, sannan a jera su a kira su ƴan sa-kai. Tarihin ɗaukar ma haka yake. A farkon rundunar har bayi ake fansa daga iyayengijinsu a sa su aikin soja na shekaru fiye da goma. A 1912 aka fara dokar tilas, a 1918 Blaise Diagne ya zagaya ya tara fiye da mutum 60,000 a Afirka ta Yamma da alkawarin daraja da haƙƙi, a 1919 aka kafa ɗauka ta ƙuri'a, shekara uku. Masanin tarihi Myron Echenberg da ya rubuta littafin rundunar a 1991, sunan da ya ba su a bangon littafin ma na waɗanda aka ɗauka dole ne. Akwai waɗanda suka kai kansu, ba na musu, don kuɗin shiga, ko gudun haraji da aikin tilas, ko don sun ga wani ya dawo da keke. A Hausa tsakanin "sa kai" da "a sa ka" ƴan haruffa ne, kuma magatakardan kumandan ba shi da gurbi na uku a takardarsa da zai rubuta yunwa.

Shi ya sa nake ganin ɗan fim ɗin Oumarou Ganda, Cabascabo, wanda bai kai awa guda ba, ya fi kusa da mu ta wani gefen. Ganda ɗan Yamai ne, ya shiga sojan Faransa a farkon shekarun 1950 bai kai shekara ashirin ba, aka kai shi yaƙin Indochine. Fim ɗin, da Zabarmanci, an nuna shi a Cannes a 1969, ya kuma samu kyauta a Mosko. Babu kisan kiyashi a ciki. Soja ne ya dawo da ƴan kuɗinsa, abokai da maroƙa da mata suka taya shi cinyewa, da aljihu ya bushe kowa ya watse, ya nemi aikin lebura inda ba wanda ya damu da igiyar da ya taɓa ɗaurawa a kafaɗa. Thiaroye sau ɗaya ta faru. Abin da ya sami Cabascabo kuwa kowane gari yana da nasa, kuma Faransa ta ƙara masa gishiri a 1959 da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara 2000, lokacin da yawancin masu shi suna ƙasa. Sembène ya fi Ganda fushi da girman hoto. Ganda ya fi shi sanin abin da ke faruwa da safiyar da aka gama kiɗa.

Me ya kai ɗalibin harshe tonon fim mai shekaru fiye da talatin? Maine gari ne da ke girmama kaki. Tandja Mamadou ɗan garinmu ne, soja ne kafin ya zama shugaban ƙasa, kuma a Maine aka binne shi a 2020. Ina ɗan shekara goma sha biyu ranar 6 ga Fabrairu 2015 da aka kai hari Bosso da Diffa. Daga nan dokar ta-ɓaci, aka hana babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi na wani lokaci, ƙauyukan bakin Kumadugu suka taso suka kafa bukkoki a gefen gudron. Mun girma muna karatun kaki kamar yadda Pays ke karatun waya. Wane launi, wane takalmi, akwai tuta a kafaɗa ko babu, da wane harshe ya ce tsaya. Domin mutanen daji ma suna sa kakin da suka kwasa, kuma akwai daren da uwa take leƙe ta kafar zana ba ta san ko ta gode wa Allah ko ta tura ƴaƴanta ta bayan gida ba. Kalmar sa-kai kuma ta dawo bakin kowa. A Maiduguri ƴan kato da gora tun 2013, a Burkina Faso doka guda aka yi musu a 2020, a Yamai cikin Agusta 2023 dubban matasa suka yi cincirindo a filin wasa na Seyni Kountché don a rubuta sunansu.

Ɗan kawuna, wanda na girma da shekara uku, yana cikin masu jiran a buɗe ɗauka. Na ce masa ya dakata ya ƙarasa karatu. Ya ce, "Yaya, kai kana da bursu, ko ba ta zo da wuri ba tana zuwa. Ni gonarmu tana bakin ruwa, shekara nawa ba mu taka ta ba? In zauna ina kallon Inna tana layin tallafi?" Ban samu amsa ba. Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce na haɗa sojan ƙasarmu da sojan mulkin mallaka. Baba Tsoho an kai shi kare ƙofar wani, wannan yaro ƙofar uwarsa yake son tsarewa, kuma ƴan ajinmu da suka faɗi a wannan yaƙi ba za a ji bakina a kansu ba sai da addu'a. Abin da fim ɗin ya bar mini tambaya ce ta takarda. Mutanen Thiaroye ba a kan tuta suka mutu ba, a kan lissafi ne, nawa aka ce, nawa aka bayar, wa ya sa hannu. Maƙabartar sojoji ta Thiaroye tana da kaburbura 202 ba suna a kan ko ɗaya. Sai a 2024 Faransa ta amince da mutum shida a cikinsu a matsayin waɗanda suka mutu dominta, sai a Nuwambar shekarar shugabanta ya rubuta kalmar kisan kiyashi. Shekara tamanin kafin kalma ɗaya ta fito. Na ce wa yaron duk abin da zai shiga, ya tabbata akwai lamba, akwai rajista, akwai sunan Inna a rubuce a matsayin magajiya, kuma ya kawo mini takardar in karanta kafin ya dangwala. Ya yi dariya ya ce sa kai ya fi bauta ciwo, wai haka tsofaffi suka ce. Na ce ai shi ya sa.

Duk da ƙorafina, ina so a kalli Camp de Thiaroye a Maine da Diffa, a majalisar shayi, ba a amfi kawai ba. Mu uku a wannan ƙungiya muka fara ɗora masa muryar Hausa kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya, sai muka ci karo da abin da ban zata ba. Hafsoshi da Diatta ba wuya, Hausar rediyo ta ishe su. Sojojin fa? Idan muka ba su Hausa tsantsa mun share gajeren wandon da aka ɗinka wa bakinsu, mai kallo ba zai ji bambancin da fim ɗin ya ginu a kai ba. Idan muka ba su Barikanci, majalisa za ta fashe da dariyar nan da na ƙi, kuma wannan karon da harshen maƙwabtanmu za a yi ta. Wata ƴar ajinmu ta kawo shawarar a juya abin, sojoji su yi Hausa mai kyau, Turawa su yi karyayya, tunda a ƙasar nan su ne baƙi. Mun gwada a wurin rabon dara, ya yi daɗin ji ƙwarai, amma na ce wannan fim ɗinmu ne ba na Sembène ba. Ita ta ce Sembène ma tankoki ya ƙara. Mako uku ke nan muna kan wannan wuri, kuma mai kwamfutar ya fara tambayar yaushe za mu mayar masa da ita.